Ra'ayinmu: Gyaran Tsohon Gida Ma Ilmi Ne

Tsakanin 1979 da 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri aniyar gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara domin masu ƙaramin ƙarfi. Ba a cim ma wannan adadi ba, waɗanda aka gina kuwa kusan fasalinsu ɗaya ne, ba a bambanta laimar Kudu da zafin Arewa ba. Irin wannan gini na bulo da kwano ne kwatas ɗin malamai da ƙananan ma'aikata a ƙasar Gumel, daga cikin gari har Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Yau da dama sun tsufa. Da damina kwano na yoyo, da bazara kuwa, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, ɗaki kan gagari mai shi.

Abin da ya dame mu shi ne, 'yan'uwanmu masu koyon zanen gine-gine yawancin horonsu a kan sabon gini yake. Tsohon gida sai a ce a rushe, alhali rushewa asarar siminti ce da kuɗi, ga tagayyara iyali.

Wasu sun nuna wata hanya. A birnin Bodo na Faransa, Lacaton da Vassal da abokan aikinsu sun gyara gidaje 530, suka faɗaɗa su ba tare da an tashi mazauna ba, kuma a 2021 su biyun suka sami lambar Pritzker. Shi Vassal a Yamai ya fara aiki. A garin Dandaji na jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, tare da maginan garin.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta shirya wannan aiki a dogon hutu. Kowace tawaga ta ɗauki kwatas guda, ta auna, ta zana, ta saurari matan gida, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya da inda iska ba ta shiga. A zauna da tsofaffin magina a koyi sirrin kaurin bango da azara da makuba. Sa'an nan a rubuta shawara da ƙiyasin kuɗi, kamar na silin da taga da baranda da indararo da dashen darbejiya, a miƙa wa ƙaramar hukuma. Kada a taɓa bangon da ke ɗauke da rufi sai da idon ƙwararre.

Za a ce lokaci ya yi kaɗan. To, tun 1973 akwai shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki. Muna roƙon malamanmu su lissafa wannan a cikinsa. Gani ya kori ji, kuma gobe mu ne za a ba makullan waɗannan gidaje. Allah ya sa mu dace.