Littafin Da Ya Yi Gaskiya Kan Mafarki, Ya Yi Kure Kan Haƙuri

Duk wanda ya daɗe yana karatun labarai ya san wannan cutar. Marubuci zai kai ka har bakin rami, jaruma ta ga gawar mijinta, gida ya kama da wuta, zuciyarka na dukan uku-uku, sai a layi na gaba a ce ta yi firgigit ta farka, ashe mafarki ne. An ci kuɗin datarka, an ci lokacinka, kuma babu abin da ya faru. Mafarki a irin wannan rubutu ƙofar baya ce da marubuci ke sulalewa ta cikinta idan ya ƙulla abin da ba zai iya kwancewa ba.

Shi ya sa muke ganin girman The Lathe of Heaven, littafin da marubuciyar Amurka Ursula K. Le Guin ta fitar a 1971. Ta toshe wannan ƙofa da bulo da siminti. A littafinta, in mutum ya farka, abin da ya gani a barci ya riga ya zama gaskiya, kuma babu komawa baya. Sai dai muna da ƙorafi mai nauyi. Fiye da shekara 50 ke nan ana yabon littafin a matsayin taskar hikima, ana cewa ya koya wa mutane su bar duniya yadda suka same ta. Mu ba mu sayi wannan karatu ba. Littafin ya yi gaskiya kan mafarki, ya yi kure kan haƙuri, kuma kuren ya faɗa kan mace guda da ba ta ji ba ta gani ba. Wanda bai karanta ba ya sani za mu tona ƙarshen labarin, don ba a yanke hukunci da rabin shaida.

Labarin yana gudana ne a birnin Portland na jihar Oregon, a shekarar 2002 da marubuciyar ta hasaso: birni mai cunkoso, ga ƙarancin abinci, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga yaƙi a Gabas ta Tsakiya. Wani mai zanen gini, George Orr, yana da wata larura. Wasu daga cikin mafarkansa suna sauya duniya, har da abin da ya wuce. Yana ɗan shekara 17 ya yi mafarkin wata 'yar'uwar mahaifiyarsa da ke takura masa ta mutu a hatsarin mota, ya farka ya tarar ta mutu tun makonni da suka shige, kuma kowa a gidan haka ya san zancen. Tsoro ya sa ya riƙa shan ƙwayoyi don hana kansa mafarki, har ya ari katin karɓar magani na wasu. Hukuma ta kama shi, ta tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, Dakta William Haber, wanda ke da na'urar sarrafa barci. Da Haber ya gane abin da ke hannunsa, sai ya ajiye batun magani, ya shiga ba Orr umarnin abin da zai yi mafarkinsa, wai don a gyara duniya.

Ana jera littafin cikin ƙagaggun labaran kimiyya saboda wannan na'ura, amma na'urar ado ce. Babu kimiyyar da ta bayyana baiwar Orr. Abin al'ajabi ne tsagwaronsa da aka dasa a tsakiyar birni mai motocin haya da ofisoshin lauyoyi, kuma a nan ƙarfinsa na farko yake. Le Guin ta zauna a Portland tun ƙarshen shekarun 1950 har rasuwarta a 2018, ta san garin ciki da bai. Duk sauyin da mafarki ya kawo, a jikin garin ake ganinsa. A zaman farko, hoton dutsen Hood da ke bangon ofishin likita ya koma hoton doki. Daga baya ɗan ofishin da ba shi da taga ya zama katafariyar cibiya. Mai karatu yana auna ɓarnar da tituna da gine-ginen da ya riga ya saba da su, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ƙarfi na biyu shi ne ta san halin mafarki. Mafarki ba ɗan aike ba ne da za ka ce je ka sayo gishiri ya dawo da gishiri. Haber ya ce a yi maganin cunkoso, mafarkin ya kawo annobar da ta mayar da mutanen duniya daga biliyan 7 zuwa ƙasa da biliyan 1. Ya ce a daina yaƙi tsakanin 'yan'adam, mafarkin ya sauke baƙin halittu daga sararin samaniya a kan wata, ƙasashe suka haɗa kai don tsoronsu. Ya ce a kawar da wariyar launin fata, kowa ya wayi gari launin toka, kuma tun fil azal haka ake. Kowace buƙata an biya ta daidai da lafazinta, an kuma karya ta a ma'anarta. Mu tuna cewa shekara 3 kafin littafin, a 1968, Paul Ehrlich ya fitar da The Population Bomb, wanda ya cika Amurka da fargabar yawan jama'a, alhali mutanen duniya ba su kai biliyan 4 ba. Le Guin ta ɗauki wannan fargaba ta tambaye ta kai tsaye: to su waye za su ragu, kuma ta wace hanya?

Ƙarfi na uku shi ne Haber kansa, aƙalla a farkon littafin. Ba mugun boka ba ne mai jajayen idanu. Mutum ne mai fara'a, mai son a ci a ƙoshi, a daina kashe-kashe. Sai dai duk gyaran da ya yi wa duniya, kujerarsa takan ƙara tsawo, kuma bai taɓa lura da haka ba. Mun san irinsa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban babban da ke cewa don amfaninka nake yi, alhali ba a tambaye ka ba, zai gane Haber tun daga gaisuwa.

To ina kuren?

Littafin ya jingina da falsafar Tao ta ƙasar Sin, wadda ke fifita bin yanayin abubuwa a kan tilasta musu. Le Guin ta riƙe wannan falsafa da gaske, har ta fitar da nata fasalin littafin Tao Te Ching a 1997. Ba mu da faɗa da falsafar. Faɗanmu da yadda aka murɗe labari don ta ci gasa. Duk abin da Haber ya nema sai ya zo da bala'i, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wa ya tsara haka? Marubuciyar. Ita ce mai mafarkin gaskiya a littafin, ita ke zaɓar wa kowane umarni mafi munin fassara. In alƙali shi ne mai ƙara, shi ne kuma mai rubuta shaida, ba abin mamaki ba ne a ce ya yi nasara. Yayin da labari ke tafiya, Haber yana raguwa daga mutum ya koma allon da ake jifa. A duniyarsa ta ƙarshe har kama mai ciwon daji ake yi a titi a kai shi a kashe da sunan tsabtace iri. Daga nan gardama ta ƙare, don babu mai hankalin da zai tsaya wa wannan.

Amma duniyar da muke ciki ba haka take ba. Gaskiya ne masu tsari sun yi ɓarna. Shirin Mao na tsallen ci gaba da aka fara a 1958 ya jawo yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a Sin, kuma a Indiya an yi wa miliyoyi aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, a zamanin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977. Sai dai a daidai shekarun da ake karanta wannan littafi, wasu masu tsari suna bi ƙauye ƙauye da allurar rigakafin agana, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 1980 cewa an kawar da cutar daga doron ƙasa. Su ma sun ƙi barin duniya yadda suka same ta. Littafin ba shi da gurbi ko ɗaya ga irinsu. Ya san likitan da ke cutarwa da sunan taimako, bai san wanda ya taimaka da gaske ba. Wa'azin a bar abu yadda yake yana da daɗi a kunnen wanda ya ƙoshi. Wanda ke kwana da yunwa a Portland ɗin farkon littafin ba a ba shi bakin magana ba.

Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Yusuf mun san wata amsar. Sarki ya yi mafarkin shanu 7 masu ƙiba da 7 ramammu, aka fassara, sannan aka tashi aka yi aiki: aka tara hatsi shekara 7 don shekarun fari. Mafarki ya zo, tsari ya biyo baya, mutane suka tsira. Haƙuri a can bai hana gina rumbu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne littafin da kansa ya ƙaryata wa'azinsa. A tsakiyar labari Orr ya bayyana cewa duniya ta riga ta ƙone a yaƙin nukiliya a watan Afrilun 1998, shi ne yana gab da mutuwa ya yi mafarkin da ya dawo da ita. Ke nan duk wanda ke numfashi a littafin yana yi ne albarkacin katsalandan. A ƙarshe kuma, da Haber ya ƙwace baiwar ya yi nasa mafarkin, duniya ta fara narkewa, me ya cece ta? Orr ne ya ratsa cikin rugujewar, ya kai hannu ya kashe na'urar. Aiki ne, da ƙafa da yatsa. Masu kare littafin za su ce ai Tao ba ta hana aiki ba, aikin son kai da tilas ta hana. Mun ji. Amma in haka ne, me ya hana Orr wannan yunƙuri tun kafin a rasa mutum biliyan 6? Ya san abin da ake yi da shi. Ya nemi lauya, ya gudu daji na ɗan lokaci, sannan ya dawo ya kwanta a kan kujerar. Littafin yana kiran wannan natsuwa da daidaito, har gwajin halayya ya nuna shi a tsakiyar kowane ma'auni. Mu muna ganin mutum ne da aka yafe wa abin da ba za a yafe wa kowa ba.

Sai batun Heather Lelache, lauyar da Orr ya nema, wadda ita ce mafi rai a littafin. Mahaifinta baƙar fata ne, mahaifiyarta farar fata, ga kaifin harshe, ga zafin rai. Tana tsaye a ofishin Haber ta ga dogayen benayen birni suna ɓacewa ta taga. Da aka mayar da kowa launin toka, sai ta ɓace, don a irin wannan duniya ba za a haife ta ba. Wannan shi ne wuri mafi kaifi a littafin: wanda ya ce zai kashe wariya ta hanyar goge bambanci, mutanen da ake warewa zai goge. Mun jinjina. Amma dubi abin da ya biyo baya. Orr ya yi kewarta, ya yi mafarki, ta dawo launin toka, mai sanyin hali, kuma matarsa. Ba a tambaye ta ba. Wannan ba shi ne laifin da ake tuhumar Haber da shi ba? Amma da yake jarumi ne ya yi, sai aka lulluɓe shi da shafuka mafi taushi a littafin. Gaskiya ne a ƙarshe ta dawo da launinta da zafinta, ta shigo shagon kayan girki inda Orr ke aiki ba ta san shi sosai ba. Duk da haka, zuwanta da tafiyarta duk bisa buƙatar zuciyar namiji suke.

Baƙin halittun nan masu kama da kunkuru su ma sauƙi suka kawo wa marubuciya. Da labari ya cije, sai ga su sun zama masu hikima, sun san sirrin mafarki, suna ba Orr shawara cikin magana mai hazo. An toshe ƙofar baya ta farkawa, an buɗe wata ƙarama ta taimakon da ya faɗo daga sama.

Kada a ɗauka muna cewa a ajiye littafin. A neme shi, gajere ne, kwana biyu ya isa. Ya ci kyautar Locus a 1972, an mayar da shi fim a 1980 da 2002, kuma ya cancanci wannan daraja. Ita kanta Le Guin ba mai naɗe hannu ba ce, ta yi zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam, kuma a The Dispossessed na 1974 ta ba masu son sauya al'umma haƙƙinsu fiye da yadda ta ba su a nan. Abin da muke ƙi shi ne a karanta wannan littafi a rufe, a yi ajiyar zuciya, a ce ashe gara kowa ya zauna inda yake.

Ga marubutanmu masu son saka mafarki a labarin birni, akwai abin ɗauka a nan. A sa wa mafarkin doka, a bar shi ya ci wani abu da ba zai dawo ba, a nuna sawunsa a kan titi da kasuwa da fuskar maƙwabci. Sannan a yi abin da Le Guin ba ta yi ba: a ba mai son gyara bakinsa cikakke, a bar shi ya yi daidai ko da sau ɗaya, a kuma tambayi matar da ake mafarkinta ko ta yarda.