Hatsarin jirgin ruwa: Asarar da ba ta ƙarewa ranar jana'iza

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya dare a Kogin Kwara kafin ya isa Warra, a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da fiye da mutum 150. Kimanin 20 aka ceto. Ranar 30 ga Nuwamban shekarar kuma, aƙalla mutum 29 suka rasu a madatsar Watari da ke Bagwai, Jihar Kano, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi.

Hukumomi sun yi ta'aziyya, hankali ya koma wani wurin. Sai dai a ƙaramar al'umma, bayan makoki ne ainihin asarar ke bayyana.

Tsibirin Lewis na ƙasar Sikotland misali ne. A daren 1 ga Janairun 1919, jirgin Iolaire ya yi karo da duwatsu dab da tashar Stornoway, ɗauke da sojojin ruwa da ke komawa gida daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Fiye da 200 suka nutse, a tsibirin da yaƙin ya riga ya cinye wa samari kusan dubu. Gonaki da kamun kifi suka rasa ma'aikata. A 1923 ɗaruruwan matasa suka yi ƙaura zuwa Kanada, kuma sai bayan kusan shekara 40 aka gina abin tunawa da mamatan.

Dalilin a fili yake: jirgi ɗaya kan kwashi 'yan gari ɗaya, sau da yawa tsara ɗaya. Idan ya nutse, gida guda kan rasa mutum uku, maƙwabcin da zai tallafa masa kuma shi ma yana zaman makoki.

Wannan darasi ya shafi ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka riga suka bar wa zawarawa da marayu, ga kuma masunta da ke neman abinci a madatsar Zobe. Al'ummar da rikici ya raunana ba ta da ƙarfin ɗaukar sabon rashi.

Hukumar NIWA ta haramta tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta rigar kariya. Doka dai sai da mai sa ido a bakin ruwa. Abin da ake buƙata kuma shi ne rajistar marayun irin wannan hatsari, da asusun da zai ɗauki nauyin karatunsu bayan tawagar ta'aziyya ta koma birni.