MAKAHON DA YA ƘI ƊAUKAR ƘOƘO

Duk wanda ya ratsa ta Suleja ranar Juma'a, ko ya tsaya a tashar mota da hantsi, ba zai rasa ganin makafi a jere ba, kowanne da sandarsa da ƙoƙonsa da ɗan jagoransa. Yawansu yakan ƙaru duk sa'ad da hukumomin Abuja suka tashi korar mabarata daga titunan birnin, domin garuruwan da ke makwabtaka su ne mafakarsu. Jama'a suna jefa sadaka su wuce, wannan kuwa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne, da mai bayarwa da mai karɓa duk sun yarda cewa iyakar makaho ke nan. Tun ranar da idon yaro ya rufe iyayensa suke yanke masa sana'a, sa'an nan su haɗa masa da ƙanensa mai ido biyu ya riƙa jan sanda, watau an hana yara biyu karatu a kan lalurar ɗaya.

Akwai wani mutum da ya yi zamansa a Zariya wanda ya ƙi wannan hukunci, ya kamata kuma mai karatu ya san labarinsa. Shi ne marigayi Dokta Bitrus Gani-Ikilama.

An haife shi cikin 1944 a Donga, cikin Jihar Taraba ta yau. Yana da shekara biyar ƙyanda ta kama shi ta tafi da ganinsa. A wancan zamani wannan ba abin mamaki ba ne, domin allurar rigakafin ƙyanda ba ta fito ba sai cikin 1963, ita kuwa cutar takan cinye sinadarin bitamin A da ke jikin yaro, ido ya bushe, ya yi gyambo, ya warke da farin tabo. Dubban yara sun makance ta wannan hanya a ƙasar nan, akasarinsu kuwa ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Abin da ya raba Bitrus da sauran shi ne makaranta. Cikin 1953 'yan Mishan na SUM suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, ita ce kuwa ta farko irinta a Nijeriya. Can aka kai shi, nesa da gida, ya koyi karatu da yatsu. Rubutun nan na makafi wani Bafaranshe ne mai suna Louis Braille ya tsara shi wajen 1824, yana yaro ɗan shekara goma sha biyar, shi ma makaho. Ɗigo shida ne kacal masu tudu a kan takarda mai kauri, ana jujjuya su su ba da alama 63, da su ake rubuta harafi da lamba. Da Bitrus ya gama firamare sai ya shiga makarantar sakandare ta maza ta Gindiri, ya zauna aji ɗaya da masu gani, ana kuma lissafa shi a matsayin yaro makaho na farko da ya yi haka a ƙasar nan. Sai mai karatu ya auna abin da wannan yake nufi. Malami yana rubutu a allo, kowa yana kwafa, shi kuwa sai dai kunne da ƙwaƙwalwa da tsinken huda takarda, kuma jarrabawa ɗaya ce ga kowa.

Daga nan ya wuce Ingila, makarantar koyon gashin ƙashi da ƙungiyar makafi ta ƙasar take gudanarwa a Landan. Turawa sun daɗe da gane cewa wannan aiki ne na hannu, hannun makaho kuwa ba ya raina jijiya. Ya komo gida cikin 1967, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ikko, daga baya ya dawo asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ya kai ga shugabancin sashen. To, a nan ne al'amari ya juya. Mutumin da aka saba ganin irinsa a ƙofar asibiti yana roƙo, shi ne a ciki, masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya suna jiran layi ya ɗora musu hannu.

Dokta Bitrus Kirista ne mai riƙo da addininsa, har an san shi da wa'azin bishara, ba kuwa za a fahimci ƙarfin halinsa ba in an ajiye wannan a gefe. A cikin Linjila, sura ta 9 ta littafin Yahaya, akwai labarin wani da aka haifa makaho, almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya jawo, nasa ko na iyayensa. Amsar da ya ba su ita ce ba na kowa ba ne. Akwai kuma labarin Bartimawas, makahon da yake bara a bakin hanyar Yariko, wanda taron jama'a suka tsawata masa ya yi shiru, shi kuwa ya ƙara ɗaga murya. Yaron da ya tashi yana karanta waɗannan da yatsunsa, da wuya ya yarda cewa shi la'ananne ne, ko kuwa shiru ne rabonsa. Shingen da ya fi wuyar tsallakewa shi ne wanda mutum ya gina a zuciyarsa, domin nakasasshe da yawa kafin a ce masa ba zai iya ba, shi ya riga ya faɗa wa kansa.

Kada kuma a ɗauka wannan darasi na Kirista ne kaɗai. Musulmi sun san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina. A Zariyar nan kuma an yi Alhaji Aliyu Namangi, makaho tun yana ƙarami, wanda ya tsara waƙoƙin Imfiraji har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ashe dai ba addini ne ya miƙa wa makaho ƙoƙo ba. Al'ada ce, da tausayin da ba ya duban gaba, har ma da harshe: Bahaushe yana da karin magana da dama a kan makaho, irin su makaho ya rasa ido ya ce ido na wari, amma da wuya a sami wadda take yabon basirarsa.

Bai tsaya a kan kansa ba. Cikin 1976 ya fara aikin da ya zama ƙungiyar Hope for the Blind, wadda take da mazauni a Wusasa. An fara ne da ɗaukar karatun littattafai a kaset domin makafi su saurara, abin da ya san zafin rashinsa tun yana ɗalibi, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa koyar da rubutun makafi da sana'o'i. Ya rasu cikin Fabrairu 2011.

Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan tsakanin 2005 da 2007 ya nuna akwai makafi fiye da miliyan ɗaya daga cikin waɗanda suka kai shekara 40, kuma kashi 84 cikin ɗari makanta ce da ake iya hanawa ko warkarwa, yanar ido ce a kan gaba. Da yawa daga cikin waɗanda suke zaune a bakin titi aikin ido na 'yan mintoci ne ya raba su da gani, irin wanda asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1943, ya saba yi.

Cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Amma gurbin aiki sai da takardar shaida, takarda kuwa sai wanda aka kai makaranta yana yaro. Saboda haka ya kamata Ƙaramar Hukumar Suleja da Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Neja su zauna da shugabannin makafi da limamai da fastoci, a ƙidaya yara makafi da ke garin da kuma 'yan jagora, a kai manya a duba idanunsu, a rubuta sunayen yaran a makaranta kafin zangon karatu mai zuwa.