A Riƙa Ƙirga Jifan da Ya Ɓata, Ba Wanda Ya Shiga Kwando Kaɗai Ba

Manomin masara a Faskari ba ya jin an ce wane ya samu buhu ɗari ya yi ta tafi. Sai ya tambayi faɗin gonar da takin da ta ci. Amma masu kallon ƙwallon kwando a ƙasar nan, da zarar sun ji ɗan wasa ya ci maki 30, sun naɗa shi gwani. Ina ganin wannan awo gurgu ne, domin kowane jifa da ya ɓata dama ce da ƙungiya ta rasa.

A kakar 2000 zuwa 2001 ta gasar NBA, Allen Iverson yana cin maki 31.1 a kowane wasa, amma yana jifa sama da sau 25, kashi 42 cikin ɗari ne kawai ke shiga. A kakar 2015 zuwa 2016, Stephen Curry ya ci 30.1 da jifa kusan 20. Makin kusan ɗaya ne, sai dai Curry yana bar wa abokan wasansa dama biyar a kowane dare. Ko lissafin kaso ma yakan yaudari mutum idan ba a duba nauyin jifan ba. Wanda ya jefa goma daga kusa, biyar suka shiga, yana da maki 10. Wanda ya jefa goma daga bayan layin maki uku, huɗu suka shiga, yana da 12, alhali a takarda shi ne ke ƙasa. Shi ya sa masana ke raba jimillar maki da yawan yunƙuri, har da jifan da ake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta. 'Yan Najeriya sun ga nauyin jifa mai maki uku da idonsu. A Landan a 2012, Amurka ta zura mana jifa mai maki uku har 29, aka tashi 156 da 73. A Yulin 2021 kuwa, a Las Vegas, 'yan wasanmu na D'Tigers suka zura 20, suka doke Amurka 90 da 87.

Za a ce wannan awo yana zaluntar jagoran ƙungiya, wanda mutum biyu ke tsarewa, kuma shi ake miƙa wa ƙwallo idan daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa sun kusa cika. Akwai gaskiya a nan. Dogon da aikinsa tsayawa ƙarƙashin kwando ne zai fi kowa kaso, kuma wannan bai sa ya fi Iverson ba. Amma maganin shi ne a gwada mutum da masu irin aikinsa, a ajiye yawan jifa kusa da ingancinsa. Curry ma tsare shi ake yi, ya kuma zura jifa mai maki uku 402 a waccan kakar.

Wasu kuma za su ce ba mu da na'urori. Takarda da biro sun isa. Zariya, inda Masai Ujiri, wanda ya yi suna a NBA, ya tashi kuma koci Oliver Johnson ya raini 'yan wasa shekara da shekaru, ba ta da nisa da Funtuwa. Yaro daga Ƙanƙara ko Sabuwa da zai je gwaji can, ko wajen ƙungiyar kwando ta Kano Pillars, ya kamata malamin wasanninsa ya ba shi takardar da ta nuna sau nawa ya jefa, daga ina, kuma nawa suka shiga.