Canjaras Daban, Cin Yaƙi Daban



Ran nan a darasin Sira wani yaro ya ce mini, "Malam, ashe an ci Musulmi da yaƙi a Uhudu?" Wani kuma ya yi wuf ya ce, "A'a, canjaras aka yi." Ni a ganina duk su biyun ba su faɗi daidai ba.

Canjaras, ko kunnen doki, shi ne a tashi babu wanda ya fi wani. Cin yaƙi kuwa shi ne a karya rundunar mutane, a kashe manyansu, a kama fursunoni, a kwashe ganima. Abin da ya sami Ƙuraishawa ke nan a Badar, shekara ta 2 bayan Hijira: an kashe musu mutum 70, har da Abu Jahal, an kama 70.

To mu duba Uhudu, shekara ta 3. Musulmi wajen 700 ne, Ƙuraishawa wajen 3,000. Annabi (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudu, ya ce kada su sauka. Da yawancinsu suka sauka, Halidu ɗan Walidu ya zagayo ta baya da dawakai. Sahabbai wajen 70 suka yi shahada, cikinsu har da Sayyidina Hamza, Annabi da kansa ya ji ciwo. Wa zai kira wannan canjaras?

Amma fa Ƙuraishawa ba su shiga Madina ba, juyawa suka yi suka nufi Makka. Washegari Annabi ya bi sawunsu da waɗannan masu raunuka har Hamra'ul Asad. Wanda aka ci da yaƙi ba ya bin sawun abokin gaba. Shi ya sa Suratu Ali Imrana ta kira abin da ya faru rauni, kuma rauni yana warkewa. Bayan shekara 5 aka buɗe Makka.

Me ya sa na tsaya a kan kalma? Don sunan da muka ba abu shi ke nuna abin da za mu yi bayansa. Yaro ya faɗi jarrabawar hadda, sai uba ya ce, "Wannan ba shi da kan karatu," ya cire shi daga makaranta. Ya kira rauni mutuwa ke nan, ya binne mai rai. Kada kuma mu lallashi yaron da cewa babu komai. A gaya masa gaskiya: ya yi sake, ya ji ciwo, gobe da safe ya ɗauki allonsa ya dawo.

Allah Ya sa mu dace, amin.