DIGIRIN ADDINI BA TARE DA IZINI BA, YAUDARA CE!

Yau na ajiye labarinmu a gefe, domin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗan yayata ya shekara huɗu cif a wata kwalejin addini mai ba da digiri. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyoyinta da sarƙar aurenta ta biya masa. Ranar da ya je neman shiga bautar ƙasa aka ce makarantar ba ta da rajista da NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in Nijeriya. Takardar tana nan cikin akwati, ko aikin koyarwa ba ta samo masa ba.

Da na yi magana sai wani ya ce wai ilimin addini don Allah ake yi, ba don takarda ba. To malam, idan don Allah ne, me ya kawo kuɗin makaranta da rigar yaye ɗalibai? Karatun zaure bai taɓa yi wa kowa alkawarin digiri ba, shi ya sa mutuncinsa ke nan daram. Amma wanda ya kafa allo ya rubuta "digiri", ya karɓi kuɗin talaka, dole ya nuna izininsa.

Kuma tantancewa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu na da ba sa sakin ɗalibi ya karantar sai da ijaza, an san wa ya koya masa, shi ma daga wa ya ɗauko. Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda ta faro a 1934 a matsayin makarantar shari'a, ta yaye alƙalai da malamai saboda tana da tsari sananne.

Mun ga yadda ɗan jarida Umar Audu ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024. Wa zai yarda irin wannan ciniki ya shigo karatun Alƙur'ani da Hadisi?

Iyaye, kafin ku biya ko kwabo, ku tambaya: NUC ta amince da wannan kwas ɗin? In NCE ce, NCCE ta san da ita? Ta hanyar JAMB aka ɗauki yaron? Wanda ya fusata don an tambaye shi, akwai lauje cikin naɗi.

Allah ya sa mu gane. Sai mun haɗu a ci gaban labari.