INA WASIƘAR ALƘALI ZUWA GA ALƘALI?

Jama'a, yau maganarmu a kan gado take, gadon mutumin da ya yi gida biyu, ɗaya a nan ɗaya a ƙetaren iyaka. Kada wani ya ce wannan zancen masu kuɗi ne. Duk wanda ya san kasuwar Gummi, ko ta Nasarawar Burkullu, ko ta Bagega, ya san mutanenmu ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, waɗansu sun tafi Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan har suka hayayyafa. Yau kuma ga falken dabbobi da na hatsi suna kai da kawowa tsakaninmu da Ƙonni da Maraɗi. A 2019 ma dubun dubatar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa jihar Maraɗi, kuma inda mutum ya zauna nan yake aure, nan yake haihuwa, nan ajali yake iske shi.

To, bari mu buga misali yadda kowa zai gane. A ce wani falke ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mace a Gummi da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ya kuma bar wata matar a Maraɗi da ɗa namiji ɗaya. Bayan an yi masa sutura an biya bashi, abin da ya saura Naira 2,400,000. Shari'a ba ta da wani ruɗani a nan. Matan biyu su raba tumuni, watau 300,000, kowace ta ɗauki 150,000. Sauran 2,100,000 a kasa shi bakwai, kowane namiji 600,000, 'yar 300,000. Amma in aka shiga gaban alƙali ba a ambaci gidan Maraɗi ba, sai uwargida ta kwashe tumunin duka, kowane ɗa ya tashi da 840,000, 'yar ta sami 420,000. Gidan Maraɗi ya yi hasarar 750,000 ke nan, ba don alƙali ya ci hanci ba, sai don layi ɗaya da ba a rubuta ba ranar farko.

Sai matar Maraɗi ta ji labari. Ta je kotun ƙasarsu, inda alƙali kan zauna da masu ba shi shawara kan al'ada in maganar gado ce, ta kai shaidu, aka tabbatar ita matar mamaci ce, yaron kuma ɗansa ne. Aka ba ta takarda da Faransanci, da hatimi jawur. Ta sayar da akuyarta ta yi kuɗin mota, ta iso nan tana murna ta zo da hukunci. Wayyo! A nan ne za a gaya mata takardar nan ba ta ɗaure alƙalinmu.

Mu dai ba mu ga laifin alƙali a wannan ba, doka ce ta bar shi haka. Hukuncin Sakkwato ko na Kebbi yana da hanyar bi a zartar da shi a Zamfara, domin ƙasa ɗaya ce. Amma na ƙasar waje dokoki biyu ne ke magana a kansa. Ta farko ta Turawa ce, ta 1922, wadda ta karɓi hukuncin manyan kotunan Ingila, aka kuma faɗaɗa ta ga irin su Gana da Saliyo da Gambiya, da sharaɗin a yi masa rajista a Babbar Kotu cikin wata 12. Nijar ba ta ciki, don ita rabon Faransa ce. Ta biyu ta 1961 ce, bayan samun mulkin kai, wadda ta ce Ministan Shari'a zai fitar da oda ya lissafa ƙasashen da za mu riƙa karɓar hukuncin juna da su. Ku ji abin mamaki: a 2003, bayan shekara 42, Kotun Ƙoli ta duba ta tarar babu ministan da ya fitar da odar nan, har ta ce tsohuwar dokar Turawa ce ke nan da ranta. Sa'an nan dokokin nan biyu duk maganar hukuncin biyan kuɗi suke yi, watau an yi su ne domin bankuna da kamfanoni masu bin bashi. Ba wanda ya tuna da gwauruwa mai neman rabonta a gona da rumbu. Gona kuwa da gida, ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce kotun ƙasar da suke ita ke da iko a kansu. Haka kuma in ka ɗauki hukuncin Anka ka kai Nijar, ba ya aiki sai kotunsu ta duba ta sa masa hannu.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, maganin wannan ciwo yana cikin littattafan da alƙalanmu suka karanta tun suna zaure. Malaman Malikiyya sun yi babi guda a kan wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali: alƙalin wani gari ya ji shaidu, ya rubuta abin da ya tabbata a gabansa, ya rufe, a kai wa alƙalin garin da dukiya take, shi kuma in ya tabbatar wasiƙar ta gaske ce ya yi aiki da ita. Tun kafin mota da waya aka san wannan. Sai Ingila da Faransa suka zauna a 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi, Katsina nan Maraɗi can, Illela nan Ƙonni can. Mutane ɗaya, harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, rabon gado iri ɗaya, amma alƙali ba ya iya aika wa ɗan'uwansa takarda ta yi aiki. Turawa sun tafi tun 1960. Wa ya hana mahukuntanmu ɗinke abin da aka yage? Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, mazauninta Yamai. In an rufe iyaka, kamar yadda aka yi a 2019 da kuma 2023, cikin kwana ɗaya ake ba da oda. In kuwa abin da zai sauƙaƙa wa maraya ne, sai a shekara sittin ana neman alƙalami. Ga shi Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ba sauran jiran wata inuwa ta gayya, sai ƙasashen biyu sun zauna ido da ido.

Yanzu mu zo kan gyaran ƙara, don a nan talaka ya fi faɗawa rami. A kotun Shari'a da baki ake da'awa, magatakarda ya rubuta. Manyan kotuna sun sha faɗi cewa a irin waɗannan kotuna ainihin abin da ake jayayya a kai ake dubawa, ba tsarin rubutu ba. Madalla. Amma duk da haka abin da aka rubuta yana iya canja maka hanya gaba ɗaya. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a iko a kan aure da kyauta da wasiyya da waƙafi da gado. A shekara ta 2000 kuwa, cikin shari'ar Magaji da Matari, Kotun Ƙoli ta ce in rigimar ta mallakar gona ce tsantsa, wannan kotu ba ta da hurumi. To ka gani: in ka ce “a raba mana gadon ubanmu” hanya ɗaya ce, in aka rubuta “gonata ce ya cinye” wata hanya ce dabam. Mutum sai ya yi shekaru yana zirga-zirga daga Bukkuyum zuwa Gusau, daga Gusau zuwa Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ya ci shari'a sau biyu, sa'an nan a ce masa kotun da ta ba shi gaskiya ba ta da ikon ji, a koma farko. Kafin nan an cinye sa biyu a kuɗin mota.

A Babbar Kotu abin ya fi tsanani. Can komai a rubuce yake, kuma abin da ba ka sa cikin takardar ƙararka ba, ko ka kawo shaidu goma a kansa, joji ba zai dube shi ba. Dokar wata ƙasa ma ba a ɗauka joji ya san ta, sai ka ambace ta a takarda ka kawo masani ya yi bayani. In lauya ya manta da hukuncin Maraɗi, dole ya nemi izinin gyara. Ana yarda da gyara kafin a yanke hukunci, muddin ba zai cuci abokin shari'a ba, ba kuwa dabara ce ta sauya ƙara ba. Amma kowane gyara kuɗi ne, ɗaga shari'a ne, wani lokaci har da biyan abokin gaba ladan ɓata masa lokaci. Mai kuɗi ya gyara sau uku bai ji a jikinsa ba. Mai tallar daddawa fa?

Muna kira ga Ministan Shari'a ya zauna da takwaransa na Nijar a ƙulla yarjejeniya a kan takardun aure da haihuwa da mutuwa da gado, yadda wasiƙar alƙali za ta ƙetare iyaka da mutuncinta. Muna kira ga Alƙalin Alƙalai na Zamfara ya ba da umurni cewa a kowace shari'ar gado a karanta wa mai ƙara abin da aka rubuta da Hausa kafin a ci gaba, a kuma tambayi magada a fili ko mamaci yana da iyali a wani gari, a rubuta amsarsu. Ƙara sunan magaji da aka manta kuwa ya zama kyauta, ko anini kada a karɓa. Ba mu rasa masana ba. Ai ƙasar nan ce ta haifi Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, wanda ya bar kujerar Babban Jojin Abuja a 2013 ya hau sarautar Gummi.

Mu ma talakawa da namu laifin, ba za mu ɓoye ba. Falke nawa ne ya yi aure a ƙetare ya ɓoye wa uwargida don gudun tashin hankali? Ya guje wa faɗan kwana biyu ya bar wa 'ya'yansa gabar shekara ashirin. Kai mai gida biyu, kira mutum biyu amintattu ka rubuta sunayen matanka da 'ya'yanka, da bashin da ake bin ka da wanda kake bi, da Naira da sefa, ka ajiye kofe a kowane gida.

Ke kuma da kika zo daga nesa da takardarki, kada ki yar da ita don an ce ba ta ɗaure kotu. A sa a fassara ta, ki zo da shaidun da suka halarci ɗaurin auren ko sunan yaron, ki shigar da sabuwar da'awa a kotun garin da dukiyar take, ki ce gado kike nema, ki tabbata haka aka rubuta. In aka ce miki an daɗe da rabawa, ki sani hauzi a Malikiyya shekara 10 ne tsakanin bare, 40 tsakanin dangi, kuma ana lissafa shi ne a kan wanda yake nan yana gani ya yi shiru ba wani uzuri, ba a kan wanda yake wata ƙasa ba. Kafin alƙali ya yanke hukunci kuma wajibi ne ya yi i'izari, watau ya tambaye ki ko kina da sauran magana ko hujja. In akwai gona ko saniya ko ɗa da aka tsallake, wannan ne lokacin faɗi, kuma ki nemi a karanta miki abin da magatakarda ya rubuta kafin ki tashi.